Kunnen Lyle Hovland

A duk faɗin garin Duluth ba na jin akwai wanda ya riƙi yatsunsa da daraja kamar Lyle Hovland. Dogo ne mai sanƙo, yana tafiya kamar wanda ya ɗauko tiren ƙwai, kuma ko da bazara ba ya fita babu safar hannu. Idan ƙanƙara ta toshe ƙofar gida, matarsa Marlys ce ke ɗaukar shebur. Shi yana tsaye bakin taga yana murza man shafawa, yana nuna mata da haɓa wurin da ta tsallake.

Ƙuruciyarsa da girmansa duk a sashen kayan marmari na wani babban kanti ya ƙarar da su, yana latsa fiya da tumatir, yana yanke hukuncin wadda ta nuna da wadda sai jibi, har aka sallame shi da fansho da agogon bango. Harkar bulon roba kuwa, irin wanda yara ke haɗawa su yi ginin wasa, ta hannun 'yarsu tilo ta shigo masa. Tana firamare ya saya mata kwalin gina gidan gona. Yarinya ta ta da katanga ɗaya ta tafi wasanta, uban ya ƙarasa sauran. Daga nan duk ranar zagayowar haihuwarta sai ta sami sabon kwali, uban ya taya ta murna, ya karɓa ya adana mata. Ranar da ta tafi jami'a ya yi hawaye a tasha, ya dawo gida ya auna ɗakinta da tef. Yanzu in ta zo hutu da mijinta a falo suke kwana, domin ɗakin nata akwai birnin bulo a ciki, kuma hasken rana na sa farin bulo ya yi ɗorawa, saboda haka ko labule ba a ɗagawa.

Ƙungiyarmu ta manya masu tara bulo a ɗakin ƙasa na cocin unguwa take zama. Kusan dukkanmu mun yi furfura. Dokokinmu ba yawa, amma ba a wasa da su: ba a sa gam, ba a kawo jabu, ba a barin yaro ya taɓa. In muka yi baje koli mukan kewaye teburori da igiya, sai ka ga yara a waje suna leƙen kayan wasa, tsofaffi a ciki suna gadi. Mu dai har yau ba mu gano abin da ke ba mutane dariya a nan ba.

Gini ba fagen Lyle ba ne. Duk gidan da ya gina kamar akwatin gawa yake, sai dai da taga. Darajarsa a wajen 'yan mutanen roba na cikin ginin bulo take, masu tsawon ɗan yatsa, waɗanda Marlys ke ce wa 'yan tsana shi kuma ya yi kamar bai ji ba. Lokaci-lokaci kamfani kan fitar da sabon jeri, iri goma sha biyu, kowane ɗaya a cikin rufaffiyar leda, ledojin duk kama ɗaya, wai don a yi wa yara bazata. Mai saye da ka sai ya kai gida ya tarar ya ƙaro wanda yake da shi har huɗu. Lyle kuwa sai ya lumshe ido, ya mirgina leda tsakanin babban yatsa da manuni, ya lalubo hula ko sanda ko wutsiya, ya ce, "Mai kashe gobara." A yage, mai kashe gobara. Wannan kam gaskiya ce, ba ƙari. Na daɗe ina tsaye a bayansa ban taɓa ganin ya kuskure ba, shi ma bai taɓa barin mu manta da haka ba.

Asabar ta farko bayan fitowar jeri mukan taru da safe a ƙofar wani babban kanti da ke kan tudu. Gordy Maki ne ke kawo Lyle a mota. Abokinsa ne tun suna makaranta, tsohon direban motar share ƙanƙara, kuma shi kaɗai ya yarda da hujjar Lyle cewa sitiyari na busar da tafin hannu. Mu wuce iyaye da 'ya'yansu, mu ja layi a sashen kayan wasa. Lyle ya zare safar hannu yatsa bayan yatsa, ya miƙa wa Gordy ya riƙe.

"Wa ke gaba?"

"Ni ce, ranka ya daɗe," in ji Rhonda Tollefson, shugabar ƙungiya, wadda ke aiki a ofishin inshora, kuma ita ce yarinyar cikinmu tun da ba ta daɗe da haura hamsin ba. "Mai ganga nake so, guda biyu."

"To ki rage numfashi, kina raba mini hankali."

In an gama sai gidan fanke. Kujerar bakin taga, wadda ke kallon tafkin garin, ta Lyle ce. Ba ya taɓa aljihu, ba ya yanka fankensa da kansa, kuma shi ke da bakin magana daga zuwan kofi na farko har a kwashe faranti. Labarin ɗaya ne kullum, na ranar da ya bambanta tsintsiyar mayya da sandar makiyayi alhali yana fama da mura. Mun haddace, amma muna gyaɗa kai, don kowa na da buƙata a jeri mai zuwa. Wannan kujera ita ce abin da Lyle ya mallaka a duniya wanda ba na roba ba.

Sai kamfani ya ce zai tausaya wa muhalli, ya bar leda ya koma kwali.

Asabar ta farkon kwali mun ja layi kamar kullum, don ba wanda ya san abin da zai yi in ba haka ba. Lyle ya ɗauki ɗan kwalin, ya latsa gefe, ya latsa tsakiya, ya latsa har ya loɓa. Wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce, "Baba, in ka ɓata sai ka saya fa." Can Rhonda ta yi gyaran murya ta ciro waya daga jaka, kamar mai ciro abin kunya. Ashe a gindin kowane kwali akwai wani ɗan tambari mai ɗige-ɗige, wasu masu wayo kuma sun haɗa manhajar da in ka haska shi sai hoton abin da ke ciki ya fito. Kafin Lyle ya gama mayar da safar hannunsa kowa ya cika kwandonsa. Muka wuce gidan fanke. Rhonda dai ta riga kowa shiga, ta rataye kwat ɗinta a kujerar bakin taga. Lyle ya sami wuri a ƙarshen tebur, kusa da ƙofar bayan gida, yana ta ja da kujera duk sa'ad da wani zai wuce.

Bai sallama nan take ba. Ya sayo ɗan ma'auni irin na masu sayar da gwal, ya tafi kanti shi kaɗai ranar Talata, ya tsuguna a sashen yara yana auna kwalaye ɗaya bayan ɗaya. Mai gadi ya daɗe yana kallonsa kafin ya matso.

"Yallaɓai, me ake aunawa?"

"Ɗan sama jannati," in ji Lyle, bai ko ɗago ba.

A ofishin manaja aka zaunar da shi, aka zazzage aljihunsa ana neman hodar iblis, aka sami man shafawa kwalba biyu. Marlys ce ta je ta karɓo shi. Ma'aunin ma bai yi amfani ba, don gam ɗin da ake liƙe kwalayen wani ya fi wani yawa.

Daga nan ya daina zuwa taro ya zauna a gida, gida kuwa ya ji a jikinsa. Mutumin da ya saba rarraba bulo launi-launi ba ya iya zama hannu sake. Ya rarraba cokulan Marlys bisa tsawo. Ya jera kayan yajinta daga mai duhu zuwa mai haske, har ta zuba kirfa a miya. Ranar da ta shigo kicin ta same shi ya zazzage ledar kayan lambu daga firji yana ware karas gefe, wake gefe, a ranar ta gasa kek ta ɗauko ta sauko mana ɗakin ƙasa na coci.

"Na zo ne ku karɓi abinku," in ji ta, ta ajiye kek ɗin a tsakiyar tebur.

"Marlys, mu ba mu kore shi ba," in ji Gordy.

"Ban ce kun kore shi ba. Na ce ku karɓa. Yanzu wata sabuwa ya ɓullo da ita. Wai ba a latsa kankana, ƙwanƙwasa ta ake yi a saurara, to shi ma da kunne zai koma aiki. Yini yake yana girgiza kwali a gefen kansa."

"Yana dacewa kuwa?" in ji Rhonda.

"Ba ya kuskure ko ɗaya. Shi yake zuba 'yan tsanan a kwalin da hannunsa, ya liƙe, ya girgiza, ya faɗi abin da ke ciki." Ta gyara zaman jakarta. "Ya ce ranar Asabar ta sabon jeri zai zo ya nuna muku. In ya kunyata ya dawo mini gida gaba ɗaya, ni kuma zan kwaso birnin nan in kawo wa yaran makarantar Lahadi."

Duk muka dubi juna. Ba a taɓa yi mana barazana mai nauyin wannan ba.

Rhonda ce ta kawo dabara, kuma ta zo daidai da buƙata. A sabon jerin akwai wata manomiya mai riƙe da 'yar agwagwa. Manomiyar ba wanda ya damu da ita, agwagwar ake so, domin muna gina tafki da tashar jiragen ruwa da bulo don babban baje kolin birnin Minneapolis, kuma tafki ba agwagi ai kwano ne kawai. Akwai kuma wani mutum sanye da kayan bodari, baƙi da farin layi a baya, wanda ko kyauta ba mai karɓa. Shirin shi ne Rhonda ta riga mu zuwa, ta haska duk kwalayen kanti da waya, ta tara masu agwagwa zalla a tire ɗaya. Mu kuma duk wanda aka tambaya me yake so, ya ce agwagwa.

Ranar Asabar Lyle ya zo da aski sabo. Ya kalli wayoyin da muka ɓoye a aljihu kamar yana ganin su ta cikin yadi. Gordy ya tura masa tiren.

"Wa ke gaba?"

"Ni ne," in ji Gordy. "Agwagwa, in da hali."

Lyle ya ɗauki kwali, ya kai kunne, ya girgiza sau ɗaya a hankali, ya karkatar da kai. Ya ajiye gefe.

"Bodari ne wannan. Wutsiyar na da nauyi."

Ya ɗauki na biyu, ya saurara, ya taɓe baki, shi ma ya ajiye. A na uku ya daɗe ido rufe, sannan ya miƙa wa Gordy ba tare da ya dube shi ba. Aka biya aka buɗe a bakin ƙofa, ga manomiya ga agwagwarta. Muka yi tafi har wata mata ta janye ɗanta daga kusa da mu. Haka ya yi ta yi har layi ya ƙare, yana zaɓa yana zubarwa, Gordy na bin baya a sace yana kwashe waɗanda aka zubar, tun da su ma agwagin ne. A gidan fanke kwat ɗin Rhonda ya koma ƙarshen tebur da kansa.

Da a nan abin ya tsaya da kowa ya ci riba. Amma kanti ya yi ta kawo sabon kaya, tafkinmu na ta neman agwagi, Asabar ta bi Asabar, Lyle bai kuskure ko sau ɗaya ba. Bai kuma taɓa tambayar dalilin da ya sa mutum fiye da goma suka wayi gari ba mai son komai sai agwagwa ba. Girman kan da ya yi a zamanin leda ashe somin-taɓi ne. Ya ce masu haska waya ragwaye ne da suka sayar da gaɓoɓinsu ga batir. Ya sayo abin toshe kunne irin na masu aikin filin jirgin sama, yana yawo da shi a kai ban da safar hannu. Ya daina zama kusa da masu waƙa a coci. A gida ya hana kunna injin markaɗe da na share ƙasa in yana nan, kuma kullum yana nan.

Marlys ta tare Rhonda a wurin ajiye motoci. "Cewa na yi ku karɓe shi," in ji ta, "ban ce ku ƙara masa wata gaɓar da zan yi jinya ba."

Ana cikin haka, wata Asabar yana tsakiyar cin fanken da Gordy ya yanka masa, ya sanar da mu cewa ya kira masu shirya baje kolin Minneapolis, sun ba shi fili a kan dandamali. Za a kawo katan sabo dal, a yanke shi a gaban jama'a, shi kuma ya faɗi abin da ke cikin kowane kwali da kunne.

"Lyle," in ji Rhonda a hankali, "wurin nan hayaniya gare shi fa."

"Na ce su kashe kiɗa."

"Tafiyar ma da nisa, ga sanyi, kunne kan toshe."

"Yarinya, ki kula da agwaginki, ki bar wa manya nasu."

Rhonda ta kira masu shiri ta lallaɓa, ko za a bari ita ta riƙa miƙa masa kwalayen. Suka ce a'a, ai daɗin abin ke nan, hannun kowa ba zai taɓa ba. Saura hanya ɗaya, a gaya masa gaskiya kafin ya hau. Kowa ya yarda ya kamata, kowa kuma ya ga Gordy ya fi dacewa, tun da shi ne bai zo taron da aka yanke shawarar ba.

Ni na zauna a kujerar baya ranar tafiya, da tafkin a kan cinyata an naɗe shi da bargo. Gordy ya yi ta tuƙi yana buɗe baki yana rufewa har muka wuce rabin hanya. Sannan ya miƙa hannu ya ɗaga wa Lyle abin toshe kunne na ɓangarensa.

"Mutumina, akwai magana."

"Ka yi ta a hankali."

"Tiren nan da nake tura maka duk Asabar. Agwagi ne zalla a ciki. Rhonda ke haskawa da waya ta tara kafin mu zo."

Lyle ya juyo ya dube shi.

"To waɗanda nake warewa na ce bodari ne fa?"

"Su ma agwagi ne. Suna gidana cikin kwalin takalmi."

"Gordon," in ji Lyle, kuma in ya kira cikakken sunan to an taɓa shi, "tun muna aji uku kake haka. Da aka zaɓe ni in riƙe tuta ka ce don na fi kowa tsawo ne."

"Ai don ka fi kowa tsawon ne."

"Ka ga irinta ko? Mutum ya yi tuƙin motar ƙanƙara har kunnensa ya mutu, sai ya ɗauka na kowa ma ya mutu." Ya waiwayo ya dube ni. "Kai ma da kai?"

Na ce masa abin da Gordy ya faɗa haka yake.

"Madalla," in ji shi. Ya mayar da abin toshe kunnensa, bai ƙara magana ba har Minneapolis.

Zauren ya cika da irinmu daga jihohi daban-daban, manya masu tumbi sanye da riguna masu hoton bulo, da matansu masu kallon agogo. Da lokaci ya yi mai gabatarwa ya yanke katan da wuƙa, ya kira Lyle, ya ce a yi shiru. Lyle ya hau ya cire safar hannu da abin kunne. Ya duba inda Gordy yake, sannan ya ajiye su a kan tebur da kansa.

Ya girgiza kwalin farko ya saurara. "Agwagwa."

Mai gabatarwa ya yage, ya ɗaga sama. Agwagwa ce. Zaure ya ɗauki tafi. Lyle ya nemo mu da ido a cikin jama'a, ya yi wa Gordy wani ɗan murmushi da ba zan so a yi wa maƙiyina ba. Rhonda ta ce a kunnena, "Wannan sa'ar ita za ta kashe shi."

Na biyu ya ce mai ganga, aka sami likitan dabbobi. Ya ce kwalin ya sha sanyi a mota. Na uku ya ce agwagwa, aka sami bodari. Na huɗu ya daɗe yana girgizawa, ya sauya kunne, ya ce lallai wannan bodari ne, aka sami agwagwa. Mai gabatarwa, don ya taimaka, ya kara abin magana a jikin kwali na gaba, sai duk zaure ya ji abin da Lyle ke ji: ƙwar-ƙwar, irin ƙarar da kowane kwali mai roba a ciki ke yi tun da aka fara kwali. Dariya ta fara daga baya tana tahowa gaba. Wani mai ƙaton gemu ya ɗaga waya ya ce, "Baba, in ara maka?" Lyle ya ci gaba. Abin da ba zan hana shi ba ke nan, bai gudu ba. Ya bi kwalayen nan ɗaya bayan ɗaya, muryarsa na raguwa, sanƙonsa na ƙyalli, har mai gabatarwa ya ce a tafa wa dattijo saboda ƙoƙari, ya kama gwiwar hannunsa ya sauko da shi kamar mai tsallakar da shi titi.

A hanyar dawowa ba wanda ya kunna rediyo. Safar hannun tana kan cinyarsa bai sa ba. Mun kusa gida ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Wa ya fara kawo maganar?"

"Marlys," in ji Gordy.

"Saboda me?"

"Saboda karas."

Da muka sauke Lyle ya ɗauki jakarsa da hannunsa.

Makonni ba mu gan shi ba. Marlys ta ce bai taɓa mata ko cokali ba, yana dai zaune a ɗakin birni da ƙofa a rufe, kuma wannan ya fi tayar mata da hankali. A gidan fanke kujerar bakin taga ta zauna ba kowa. Rhonda ta ce iska na shigowa ta wurin. Mun gano cewa in ba labarin tsintsiyar mayya, ba mu da abin cewa da juna sai ciwon gwiwa.

Ran nan da safe muna tsaye a sashen kayan wasa, kowa da wayarsa a hannu, sai ga shi ya kunno kai. Shi ya tuƙo kansa. Muka yi ta ƙoƙarin cusa wayoyi a aljihu.

"Ku bar su, na riga na gani," in ji shi. Ya dubi Rhonda. "Ina tirena?"

"Wane tire, Lyle?"

"Wanda kike shiryawa. Ko don an gaya mini shi ke nan sai ki daina aikinki?"

Rhonda ta dube mu, muka dubi silin. Ta ja katan ta fara haskawa a gabansa, tana tara agwagi, shi yana tsaye hannu a baya yana duba ta kamar mai duba ɗalibar koyon aiki. Da tire ya cika ya ɗaga yatsa.

"Ki sa bodari ɗaya a ciki. Zan juya baya. Kada wanda ya gaya mini wanne ne, kai ma Gordon ka daina wannan motsin girar."

"To meye amfanin haka?" in ji Gordy.

"In duk agwagi ne ai ko kai ka iya."

Ya juya, Rhonda ta cusa bodarin a tsakiya ta cakuɗa. Muka ja layi. Tafkin ya riga ya cika da agwagi har sun fi jiragen ruwa yawa, amma da ya ce wa ke gaba, Gordy ya matsa ya ce agwagwa, in da hali. Lyle ya ɗauka, ya girgiza, ya ajiye. Ya ɗauki wani ya ajiye. Tire mai kwali kusan ashirin, bodari ɗaya tak, ko da ido rufe mutum ya damƙa da wuya ya faɗa kansa. Lyle ya saurara da kyau, ya zaɓa, ya miƙa. Aka buɗe a bakin ƙofa, sai ga baƙar wutsiya da farin layi.

Lyle ya karɓi bodarin daga hannun Gordy, ya haɗa kai da gangar jiki, ya ɗora masa wutsiyarsa, ya duba shi ta gaba da baya.

"Na ji shi tun ɗaukar farko," in ji shi. "Cire muku shi na yi don kada ya faɗa wa wani. Sauran duk agwagi ne, kowa ya ɗauki nasa."

Ya jefa bodarin a aljihun riga ya yi gaba. Kafin mu isa gidan fanke ya riga mu, yana zaune a kujerar bakin taga, ya tura farantinsa gaban kujerar Gordy, da wuƙa a kai.